Ni ke riƙe da makullin shago, amma kuɗin awata ɗaya da na sabon ɗauka: ta yaya zan nemi ƙari?

Baƙon Ingila ya rubuta a 2025:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena da ke wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya daɗe yana damuna, domin na san akwai waɗanda suka riga ni zama a ƙasar nan, kuma suka fi ni sanin yadda ake bi da masu ɗaukar ma'aikata.

Ina aiki ne a wani shagon sayar da kayan abinci da na masarufi a wani gari da ke tsakiyar Ingila. Shagon na mutum ɗaya ne, ba reshen manyan kamfanonin nan ba ne, mu ma'aikatan kuma ba mu kai goma sha biyar ba, kowa biyan awa ake yi masa. Na fara ne a 2023 lokacin da nake karatun digiri na biyu, ina yin awa 20 a mako kamar yadda bizar ɗalibai ta iyakance, ana biyana fam 10.42 a kowace awa, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da doka ta yarda a biya mai shekaruna a wannan lokacin. Da na kammala karatu a ƙarshen 2024 na koma kan bizar nan ta shekara biyu da ake ba waɗanda suka gama jami'a, sai maigidan ya ƙara mini awoyi zuwa 35 a mako, ya damƙa mini makulli, ya ce ni zan riƙa rufe shago da dare in haɗa lissafin cinikin yini. A lokacin mafi ƙarancin albashin awa fam 11.44 ne, shi kuma ya mayar da nawa fam 12 cif, ya ce abin da ya hau na nauyin da ya ɗora mini ne.

A watan Afrilun 2025 gwamnati ta ɗaga mafi ƙarancin zuwa fam 12.21, sai maigidan ya mayar da kowa kan wannan adadi, har da ni. Yanzu saurayin da aka ɗauka watan jiya, wanda ni nake koya masa jera kaya a kanta da duba ranar lalacewar madara, kuɗin awarsa ɗaya da nawa. Ni ke karɓar kaya idan mota ta kawo in duba su da takarda, ni ake kira idan wani bai zo ba, kuma ni ke tsayawa dare biyar a mako bayan an rufe ƙofa in ƙirga kuɗi, in kashe fitilu, in kunna ƙararrawar ɓarayi, abin da yakan ci kamar minti 20 bayan lokacin tashin da aka rubuta mini a jadawali.

Abin da ya hana ni magana shi ne nauyi. Maigidan mutumin kirki ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, bai taɓa jinkirta mini albashi ba, kuma shi da kansa ya gyara jadawalina domin in riƙa samun sallar Juma'a. Ina gudun kada ya ɗauke ni butulu, ko kuma ya yi shiru ya rage mini awoyi, alhali akwai haya a nan, akwai kuma masu jiran saƙo a gida. Shin ya dace in nemi ƙari? Idan ya dace, nawa zan ambata, kuma da baki zan yi maganar ko a rubuce? Sannan yana da kyau in kawo masa zancen tsadar haya da ɗawainiyar gida?

Maman Tagwaye ta amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na yi shekaru ina aiki a ɗaya daga cikin manyan kantunan ƙasar nan har na kai ga kula da ma'aikatan sashe, don haka abin da ka bayyana ba baƙo ba ne a wurina. Duk watan Afrilu idan mafi ƙarancin albashi ya tashi, na ƙasa yakan taso ya cimma wanda ke ɗan samansa, domin doka na ƙasan kawai take tilasta wa mai shago ya ɗaga, ba ruwanta da ratar da ke tsakanin sabon ɗauka da mai riƙe makulli. Mai yiwuwa ma maigidanka bai zauna ya yi niyyar rage maka daraja ba, mai yi masa lissafin albashi ne ya ce kowa ya koma fam 12.21, shi kuma ya sa hannu. Wannan shi ne ƙarfin maganarka. Shi da bakinsa ya yanke cewa makulli da lissafin dare sun cancanci kwabo 56 a kan kowace awa, aikin bai ragu ba, kuɗin ne ya ɓace, don haka kai tunatarwa za ka yi a kan abin da aka riga aka amince da shi.

Ka kuma yi sa'a cewa shagon na mutum ɗaya ne. A manyan kamfanoni irin su Tesco, kuɗin awa ana daidaita shi ne tsakanin kamfani da ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan kantuna ta Usdaw, manajan reshe ba shi da ikon ƙara wa kowa ko kwabo, sai dai ya ɗaga mutum zuwa wani matsayi. Kai kuwa wanda za ka zauna da shi shi ne mai wuƙa da nama, yana iya yanke hukunci a zaman nan.

Game da adadi, kada ka je ba tare da ka tsayar da shi a ranka ba. A 2025 Tesco ta mayar da kuɗin awar ƙananan ma'aikatanta fam 12.45 daga ƙarshen Maris, da alkawarin kai shi fam 12.64 a ƙarshen Agusta. Sainsbury's ta fara da fam 12.45 zuwa fam 12.60 a watan Agusta. Aldi kuma ta fara biyan fam 12.75 a watan Maris na 2025. Waɗannan duka kuɗin mai jera kaya ne da mai zama wurin karɓar kuɗi, wanda ba ya ɗaukar makulli. Gidauniyar Living Wage Foundation ma, wadda ke lissafa abin da zai ishi mutum rayuwa, fam 12.60 ta sanya a lokacin ga garuruwan da ba Landan ba, ko da yake bin nata adadin ganin dama ne, ba doka ba ce. Idan aka maido maka da ratarka ta dā za ka tashi wajen fam 12.80, saboda haka ni a ganina ka ambaci fam 13, ka riƙe 12.80 a zuciyarka a matsayin inda ba za ka sauka ƙasa da shi ba. Abin da ya fi adadin kansa muhimmanci kuwa shi ne ka nemi a rubuta ƙarin a matsayin rata, wato kwabo kaza a saman mafi ƙarancin albashi ko nawa ya koma, in ba haka ba Afrilu mai zuwa zai sake haɗiye shi ka dawo inda kake yau.

Da baki za ka fara, amma ba a tsaye gaban kwastomomi ba, ba kuma ranar sauke kaya ba. Ka ce masa kana son ya ba ka minti goma sha biyar a ranar da ya ga dama domin ku tattauna batun albashinka. Faɗin dalilin tun farko yana sa ya zo da shiri, ba ya jin an yi masa kwanton ɓauna. Idan kun zauna, ma'anar abin da za ka faɗa ba ta wuce wannan ba: kana jin daɗin aikin kuma kana son ci gaba da shi, lokacin da ya ba ka makulli ya bambanta kuɗinka da na sauran, tun Afrilu bambancin ya tafi alhali ga ayyukan da kake yi, kana neman a mayar da awarka fam 13. Daga nan ka yi shiru ka bar shi ya amsa. Da yawa daga cikinmu a nan muke ɓata lamarin, shirun yakan yi mana nauyi sai mu fara rage wa kanmu farashi tun ba a taya ba.

Zancen haya da ɗawainiyar gida ka bar shi a aljihu. Kowa a shagon yana biyan haya, idan ya ƙara maka saboda haya dole ya ƙara wa kowa, kuma wannan ne zai sa ya ce a'a. Haka nan kada ka kama sunan sabon yaron ka ce don me kuɗinku ɗaya, ka tsaya a kan aikin da ke hannunka.

Alhajin Kwari ya amsa:

Salamu alaikum. Ɗana, ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari a Kano, kuma yara da dama sun wuce ta hannuna, don haka bari in gaya maka yadda maganar take sauka a kunnen mai shago, tunda ita Hajiya ta ɓangaren ma'aikaci ta dube ta.

Nauyin da kake ji na gane inda ya samo asali. A wurinmu yaron shago ba ya buɗe baki ya ce a ƙara masa, amma akwai dalili. Ubangidansa yana ba shi kuɗin abinci da na mota, yana yi masa ɗinkin salla, idan ya yi rashin lafiya shi ne, idan aure ya zo shi ne, kuma bayan shekaru ya sallame shi da jari ko ya buɗe masa nasa shagon. Haƙurin yaron ajiya ce da zai karɓa a gaba. Ko dokar mafi ƙarancin albashi ta Najeriya, wadda ta koma naira 70,000 a 2024, ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, saboda haka yawancin shagunanmu al'ada da mutunci ke tafiyar da su. To kai a inda kake babu sallamar da ke jiranka, babu jarin da za a ba ka ranar da za ka tafi, awar da ka yi ita za a biya ka, shi ke nan. Wanda ya ɗauki kunyar tsarinmu ya kai ta tsarin da ba a sāka mata, kansa ya cuta. Addini ma bai ce ka yi shiru ba, malamai sun sharɗanta cewa ladan ƙwadago ya zama sananne tsakanin mai aiki da mai ba da aiki, kuma hadisin biyan ma'aikaci kafin guminsa ya bushe kowa ya san shi.

Sai dai ina da saɓani da Hajiya a wuri biyu. Na farko, ban so ka je kana lissafa masa abin da manyan kamfanoni ke biya. Mai ƙaramin shago ya san ba zai iya gogayya da su ba, kullum su ne ke ɗauke masa ciniki, idan ka kira sunansu abin da zai ji shi ne kana cewa ga ƙofa nan za ka fita. Ka san farashin a ranka domin kada a yi maka wayo, amma kada ka karanta masa shi sai in shi ya tambaya. Na biyu, ni da zan so ka bar shi ya fara faɗin abin da zai iya, domin dattijo yakan fi sakin hannu idan ya ji kyautatawar daga gare shi ta fito, ba ƙwata aka yi ba.

Abin da ke ɓata wa mai shago rai abu uku ne da na sha gani: ya ji ƙorafin yaronsa a bakin wasu kafin ya ji daga gare shi, ko yaro ya zo da barazanar tafiya, ko kuma aikinsa ya yi sanyi daga ranar da aka ce masa ya dakata. Ka kiyaye waɗannan. Ka fara da godiya a kan Juma'ar da ya gyara maka, godiya ta gaskiya, sannan ka shiga maganarka kai tsaye ba tare da kewaye-kewaye ba. Kuma ka sani cewa mai jera kaya ana samunsa gobe da safe, amma wanda za a bar wa makulli da kuɗin yini a tafi gida a yi barci, wannan sai an daɗe ana nema. Maigidanka ya fi ka sanin haka.

Mai Lissafi ya amsa:

Malam, aikina shi ne haɗa lissafin albashi da haraji ga ƙananan shaguna a nan Birtaniya, kuma akwai wani abu a cikin bayaninka da ka ambata a wuce, alhali a wurina ya fi batun ƙarin girma. Ina nufin minti 20 ɗin nan na bayan rufewa.

Lokacin da ma'aikaci ya ɗauka yana ƙirga kuɗi da kulle shago bisa umarnin mai shago lokacin aiki ne a idon doka. Minti 20 sau biyar minti 100 ke nan a mako. Ana biyanka awa 35 a kan fam 12.21, wato fam 427.35, amma ainihin abin da kake yi awa 36 ne da minti 40, idan ka raba za ka ga awarka ta faɗo zuwa kimanin fam 11.65, ƙasa da abin da doka ta wajabta. Lokacin da kake kan fam 12 lissafin yana tsayawa a kan kusan fam 11.45, wato da kyar ya haye 11.44 na wancan lokacin, don haka ratar da aka ba ka ita ce ke rufe wannan giɓin ba tare da kowa ya lura ba. Tun Afrilu kuwa babu abin da ke rufe shi. Kuɗin waɗannan mintuna fam 20.35 ne a mako, sama da fam 1,000 a shekara.

Saboda haka abubuwa biyu ne a gabanka, kuma ina roƙonka kada ka cakuɗa su. Biyan lokacin rufewa haƙƙi ne, ba a ciniki a kansa. Ƙarin kuɗin awa kuwa buƙata ce da zai iya karɓa ko ya ƙi. Haɗarin cakuɗawa shi ne ya ce ya amince zai riƙa biyan mintunan, ya ɗauka ya yi maka ƙari, kai ma ka fito kana godiya a kan abin da dama naka ne. Shawarata ita ce ka fara rubuta lokacin da ka shiga da lokacin da ka kulle ƙofa kowace rana, ka gwada da takardar albashinka, wadda tun Afrilun 2019 doka ta ce dole ta nuna yawan awoyin da aka biya ga wanda kuɗinsa ke bin awa. Sannan ka gabatar da shi a matsayin gyaran jadawali, ka ce lokacin tashin da aka rubuta bai haɗa da rufewa ba, a tura shi gaba da minti 20. Ba sai ka ambaci hukuma ba a zaman farko. Yawancin masu shagon da nake yi wa aiki suna gyarawa nan take idan aka nuna musu, domin sun san hukumar haraji ta HMRC tana iya sa su biya bashin baya, ta kuma ci su tarar da ta kai ninki biyu na bashin. Idan kana son tabbatarwa kafin ka yi magana, hukumar Acas, mai sasanta ma'aikata da masu ɗaukar su, tana ba da shawara kyauta ta waya, haka ma ofisoshin Citizens Advice, kuma korar ma'aikaci saboda ya nemi haƙƙinsa na mafi ƙarancin albashi haramun ce a doka ko yaushe ya fara aiki. Tunda kai ke haɗa kuɗin yini, ka kuma sani cewa idan lissafi ya yi giɓi ba a yarda a cire wa ma'aikacin shago fiye da kashi 10 cikin 100 na albashinsa a biya ɗaya ba, shi ma sai in yarjejeniya ta tanadi hakan.

A kan ƙarin kuma, ka shirya jin kukan tsadar ma'aikata, kuma kukan yana da tushe. A watan Afrilun 2025 kason inshorar ƙasa da mai ɗaukar ma'aikata ke biya ya tashi daga kashi 13.8 zuwa 15 cikin 100, kuma matakin da ake fara biyansa ya sauko daga fam 9,100 zuwa fam 5,000 na albashin shekara. Amma rangwamen da ake yi wa ƙananan masu ɗaukar ma'aikata shi ma ya tashi daga fam 5,000 zuwa fam 10,500, wanda ya rage wa shago irin naku raɗaɗin. Idan aka kai ka fam 13, ƙarin kwabo 79 ne, fam 27.65 a mako, kimanin fam 1,438 a shekara. Idan aka haɗa da inshora da kason fansho zai ci wa maigidanka kusan fam 1,700, kai kuma abin da zai shigo hannunka bayan haraji bai wuce kusan fam 1,000 ba. Yana da kyau ka faɗa masa adadin na mako, domin fam 28 a mako ya fi sauƙin haɗiya, kuma ya san ɗaukar sabon mutum da koya masa aiki har ya amince masa da makulli zai ci fiye da haka.

Tsoron rage awoyi kuwa amsarsa tana cikin takardar yarjejeniyar aikinka. Ka duba awa nawa aka rubuta.

Baƙon Ingila ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, Hajiya, Baba Alhaji, da Malam Mai Lissafi. Na ɗauko takardar yarjejeniyar na duba, har yanzu awa 20 ce a rubuce, tun ta lokacin da nake ɗalibi, ba a sabunta ta ba lokacin da aka mayar da ni 35, kuma babu inda aka ambaci makulli ko rufe shago. Na fara rubuta lokacin kullewa kamar yadda aka ba ni shawara.

Abin da ya rage mini shi ne saɓanin da ke tsakanin Hajiya da Baba Alhaji a kan wanda zai fara ambatar adadi, domin kowace magana ta zauna mini. Sannan na san halin maigidan, ba mai cewa a'a ba ne kai tsaye, abin da ya fi faɗa shi ne a bari ya duba, daga nan kuma maganar ta kwanta. Idan ya ba ni wannan amsar, mene ne abin yi wanda ba zai zama naci ba, kuma ba zai zama na bar maganar ta mutu ba?

Maman Tagwaye ta sake amsawa:

Ƙanena, na karɓi gyaran Alhaji a kan kiran sunan manyan kantuna, ya fi ni sanin zuciyar mai shago, ka riƙe alƙaluman a ranka kawai. A kan adadi kuwa ina nan a kan bakata, tare da girmamawa. A ƙasar nan idan ka ce kana son ƙari ba ka faɗi nawa ba, abin da aka saba shi ne a ba ka kwabo 10 ko 20 a ce an yi, kuma da wuya ka sake tayar da maganar kafin shekara. Kana iya haɗa shawarar biyu: ka faɗi fam 13, sannan ka tambaye shi yadda yake gani, ta haka hukuncin yana hannunsa kamar yadda Alhaji yake so, amma daga adadinka za a fara ciniki.

Abin da ka gano a takardar ya sa buƙatunka sun zama uku, kuma sabunta yarjejeniyar ba ƙaramar riba ba ce, domin muddin awa 20 ce a rubuce, sauran 15 ɗin suna iya tafiya ranar da ciniki ya ja baya ba tare da ka sami abin kamawa mai ƙarfi ba. Wannan kuma ba zai ci masa ko kwabo ba a yau, don haka shi ne mafi sauƙin samu. Ka nemi a rubuta awa 35 da matsayinka na mai riƙe makulli, wanda zai yi maka amfani a duk inda ka nemi aiki nan gaba.

Idan ya ce a bari ya duba, ka amsa da cewa babu damuwa, sannan ka tambaye shi ranar da za ku sake zama, ka ba da shawarar mako biyu. A daren nan ka tura masa gajeren saƙo na godiya ta waya ko imel, ka maimaita abubuwa ukun da ranar da kuka tsayar; wannan shi ne rubutun da ka tambaya a kai tun farko, bayan magana yake zuwa. Idan ranar ta zo ya ce ba zai iya fam 13 ba, ka tambayi abin da zai iya, kuma akwai hanyoyin da masu shago suka fi karɓa, kamar a raba ƙarin gida biyu, rabi yanzu rabi bayan wata uku, ko a sanya ƙarin a kan awoyin dararen da kake rufewa kawai. Gyaran minti 20 ɗin dai ba ya cikin abin da ake jinkirtawa.

Idan kuma duk ya ƙi, kada ka ce za ka tafi sai takardar wani aikin tana hannunka, kada a saki reshe a kama ganye. Bizarka ba a ɗaure take da shagonsa ba, kana da damar neman aiki a ko'ina, kuma daga watan Oktoba kantuna ke fara ɗibar ma'aikata saboda cinikin Kirsimeti, sai dai ka lura yawancin waɗannan guraben na wucin gadi ne, ka tambayi awoyin da za a rubuta maka kafin ka amsa. Ranar da ka samu, ka ba shi sanarwar da yarjejeniyarka ta tanada, wadda a doka ba ta gaza mako ɗaya ba ga wanda ya wuce wata guda a aiki, ka miƙa makulli da lissafi cikakke, domin shi ne wanda sabon wurin zai tuntuɓa a kan halinka.